Garin Masara a Kan Yotamu

Duk wanda ya taɓa sayen busasshen kifi a kasuwar Kasama ta ƙasar Zambiya ya san Maman Lombe, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta. Sunanta na baftisma Dorika Nkole, amma tun da ta haifi ɗanta na fari babu mai kiranta da shi sai mijinta, shi kuma ya daɗe da rasuwa. Gajeriya ce kakkaura, kullum tana sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Baki kuwa Allah ya yi mata shi da kaifi. In mai saye ya yi wa kifinta tayin wulaƙanci, sai ta wanke shi tas, ya tafi yana dariya da kifin a hannu, gobe kuma ya dawo.

Tun tana budurwa take da burin aikin bishara. Aure ya riƙe ta, 'ya'ya suka riƙe ta, kifi ya ƙarasa. Ranar da ta kai autarta ɗakin miji, ta dawo gida ta zauna a bakin gado ta ce, "To Ubangiji, ga ni, in ba ka raina ragowa ba."

Matan zumunta na ikilisiyarsu suka tsaya mata tsayin daka har aka karɓe ta a wani sansanin horar da masu bishara a ƙasar Yuganda, a gindin dutse kusa da Mbale. Tsarin wurin shi ne a zauna tare, a ci tare, a yi karatu da aiki tare na wasu watanni, sannan a raba mutane ƙungiya-ƙungiya a tura su ƙauyuka wa'azi. Ikilisiyar ba ta taɓa tura mace ba sai ita. Ranar tafiya matan suka rako ta tasha cikin anko, suna waƙa har direba ya gaji da danna hon. Shugabarsu ta riƙo hannunta ta taga ta ce, "Maman Lombe, da sunanmu za ki tafi. Ki dawo mana da shi da tsabtarsa."

Baƙo ko da ido makaho ne. Sansanin ya tara mutane daga ƙasashe daban-daban, yawancinsu sa'o'in 'ya'yanta, kuma komai da ƙararrawa ake yi, tashi, addu'a, shara, karatu, noma a gonar wake, har wanka. Matar da ta saba ba da umarni a gidanta da rumfarta, yau ga ta a layin banɗaki da bokiti a hannu. Aka ba ta gadon sama a ɗakin mata. Ta tsaya tana kallon tsani, tsani yana kallonta, har wata nas 'yar Kenya mai suna Chebet ta tausaya mata ta bar mata na ƙasa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne suna. Yarinyar da ba ta kai autarta ba sai ta ɗaga murya daga nesa, "Dorika! Yau ke ce da wanke-wanke!" haka gatsal, ba Mama ba komai. Sau da yawa ko waiwayawa ba ta yi, don ta manta da ita ake.

Ga kuma abinci. A wurinmu 'yan ƙabilar Bemba, su Maman Lombe, wanda bai ci nshima ba, tuwon masararmu mai tauri, to bai ci abinci ba ko da akuya ya cinye. A can kuwa ɗanyar ayaba ake ferewa, a turara ta a ganye, a dame, safe da yamma. Maman Lombe takan share kwanonta tas don ba ta wasa da albarkar Allah, sannan ta kira 'yarta a waya ta ce rabonta da abinci tun Zambiya. Akwai kuma doka cewa in an haɗu Turanci kawai za a yi, don kada a ware kowa. Turancinta na kasuwa ne, yana kai ta inda za ta, amma wa za ta tsokana da shi? Kowa a wurin daga "don Allah" sai "na gode". Kewa ta kama ta ƙwarai. Matar da ake jin muryarta tun daga ƙofar kasuwa ta koma shiru-shiru, har Chebet ta ɗauka haka Allah ya yi ta.

Ana haka sai ga Yotamu Ngoma ya iso a makare. Tsohon direban bas ne, dogo siriri mai sanƙo, shi ma ya ba hamsin baya. Aka zaunar da shi a teburin cin abinci daura da ita, aka ce ga ɗan ƙasarku.

"Daga wane gari, Mama?" ya tambaye ta cikin ladabi.

"Kasama."

Ya ajiye cokali a hankali, ya dubi dutsen da ke bayan sansanin, ya girgiza kai. "Wayyo birai. Wani ya je ya gaya musu su ƙara hawa sama, mai cinsu ta iso."

Maman Lombe ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga ciki. "Kai fa? Kada dai ka ce mini Chipata."

"Chipata kuwa, garin mutane."

"Shi ya sa! Tun jiya nake cewa me ya hana ni jin motsin ɓera a sito. Ashe sun ji labarinka, sun kwashe 'ya'yansu."

Suka tuntsire da dariya su biyu, ita har da buga tebur. Sauran mutane kuwa kowa ya tsaya da cokali a hannu yana kallonsu.

Yotamu ɗan ƙabilar Ngoni ne. Kakanninmu da nasu sun gwabza yaƙi, babu wanda ya kayar da wani, sai suka ajiye mashi suka koma yaƙin baki. Tun daga nan muka zama abokan wasa. Mu ce musu maciya ɓera, su ce mana maciya biri, kuma in za a faɗi gaskiya babu wanda ya yi ƙarya sosai. Ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Wasan kuma bai tsaya a baki ba. In an yi rasuwa a gidan Ngoni, Bemba ne ke haƙa kabari, su hura wuta, su dafa abinci, su bulbula wa masu makoki garin masara a ka, su tsokane su har sai an ga haƙoransu. In a gidanmu ne, su ma haka. Makokin da abokin wasa bai zo ba, ana cewa mamacin bai da mutane.

Maman Lombe ta farfaɗo. Aka fara jin muryarta daga kicin har gonar wake. In Yotamu ya yi hamma a aji ta ce a rufe ramin kafin wani abu ya fito. In ta tsaya gindin bishiya ya ce a riƙe ta kada ta tuna gida. Da a ce da yaren gida suke yi, da babu wanda zai kula. Amma doka ta ce Turanci, su kuma masu bin doka ne, saboda haka kowace kalma sai ta shiga kunnen kowa.

Shugaban sansanin, Fasto Wandera, mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya. Ya yi musu magana a hankali, suka ce wasa ne, ya ce to a rage. Suka rage na yini guda. Hali zanen dutse. Wata rana tarkon sito ya kama ɓera, Maman Lombe ta naɗe shi a ganyen ayaba, ta ɗaure da kyau, ta kawo tebur, ta durƙusa har ƙasa kamar mai miƙa wa suruki abinci. Yotamu ya kwance, ya ɗaga shi ta wutsiya, ya jujjuya.

"Dubi rama," in ji shi. "Rowar Bemba har a ɓera."

Babu wanda ya yi dariya sai su. Chebet ta ture kujera ta fita tana kuka.

Fasto Wandera ya kira su gindin mangwaron da yake ganawa da mutane. "Mama Dorika, ɗan'uwa Yotamu, na yarda wasa ne," ya ce. "Amma a teburin nan akwai waɗanda aka ƙone wa gida, kuma da kiran sunan ƙabila aka fara. Chebet tana cikinsu. In ta ji ana cewa ku kaza, ku masu cin kaza, ba dariya take ji ba, hayaƙi take ji. Za mu tura ku cikin mutanen da ba ku san ciwonsu ba. Wanda bai iya riƙe harshensa a nan ba, ba zan iya tura shi can ba. Duk wanda ya sake a cikinku, ni da kaina zan sa shi a mota ya koma gida."

Maman Lombe ta ji kunya ta rufe ta. Ba ta san labarin Chebet ba, yarinyar da ta bar mata gado. Ta je ta same ta a ɗaki, ta zauna kusa da ita ta ba ta haƙuri, ba tare da ta kawo wani uzuri ba. Ta kuma tuna matan Kasama a tasha da ankonsu. A ce ta sauko daga mota da akwati, an koro ta saboda baki? Gara ƙasa ta tsage.

Daga ranar aka shiga zaman ladabi.

"Barka da asuba, ɗan'uwa Yotamu."

"Barka kadai, 'yar'uwa Dorika. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, mun gode Ubangiji."

Kowa a sansanin ya ji daɗi, ana cewa dubi ikon Allah, an shirya. Da a gida ne aka ga Bemba da Ngoni suna irin wannan gaisuwa, da an tara dattawa a ji abin da ya shiga tsakaninsu. Su biyun kaɗai suka san irin ɗacin da ke ciki. Amma Maman Lombe ta daure, kuma dauriyar ta yi mata rana. Ta iya feren ayaba har ta fi masu ita sauri. Ta koyi jiran layi, ta koyi yin shiru wani ya gama addu'arsa komai tsawonta. Ranar da aka ba ta gwajin wa'azi ta yi magana a kan masunta da tarunsu, har malamin ya manta da duba agogo. Yaran da ke kiranta gatsal suka koma cewa Mama da kansu, masu ciwon ciki da masu kewar gida duk gadonta suke nufa. Saura kaɗan a raba ƙungiyoyi, kowa ya san da ita za a tafi.

Sai wata safiya, suna cire ciyawa a gonar wake, wayar Yotamu ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce "To," ya sake cewa "To," ya mayar da ita aljihu, ya ci gaba da cire ciyawa har sai da wani ya riƙe masa hannu. Mahaifiyarsa ce ta rasu a ƙauyensu na Chipata. Washegari za a rufe ta, hanya kuwa ta kwanaki ce a mota. Ko ya tashi a lokacin, kabari zai tarar.

Mutanen sansanin sun yi iya ƙoƙarinsu, kada a ci haƙƙinsu. Aka dakatar da karatu, aka zaunar da shi a rumfar cin abinci, aka kewaye shi. Ana waƙoƙi masu sanyi, ana karanta masa Zabura, kowa yana tafiya a kan yatsu yana magana ƙasa-ƙasa. Yotamu yana zaune a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, duk wanda ya ce masa sannu ya ce na gode. Bai yi kuka ba, bai sha ruwa ba. Aka kawo abincin rana ya huce a gabansa. Rana ta karkata yana nan yadda yake, sai dai lokaci-lokaci yakan ɗaga ido ya dubi ƙofa.

Maman Lombe tana kicin tana hango shi ta taga, ranta yana ƙuna. Ta san abin da ake yi a gidan su Yotamu a wannan lokacin. Bemba sun cika tsakar gida, sun ƙwace kicin, suna bin 'yan'uwansa da gari, ana kuka ana dariya. Shi kuwa ɗan da marigayiyar ta haifa, ga shi a ƙasar mutane an kewaye shi da ladabi, babu mai taɓa shi. A duk faɗin wurin ita kaɗai ce Bemba. In ba ta tashi ba, tsohuwar nan za ta tafi ba a yi wa ɗanta abin da ake yi wa ɗan mutane ba. In kuma ta tashi, to mota ce. Ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke, ta sake wanke ta. Ta tuna hannun shugabar mata a taga. Can dai ta ce a ranta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta kwance zanenta ta sake ɗaura shi tamau a ƙugu, ta shiga sito, ta cika kwano da garin masara.

Chebet ta tare ta a bakin ƙofa. "Mama, ina za ki da gari? Ba a hura wuta ba."

"Wurin Yotamu."

Chebet ta dubi kwanon, ta dubi fuskarta. Ba ta san abin da za a yi ba, amma ta gane ba alheri ba ne ga mai yinsa. "Mama, za a kore ki."

"Na sani, 'yata. Ke dai in ba za ki iya ji ba, tsaya a nan."

Ta ratsa masu waƙa, ta tsaya a gabansa, ta juye masa kwanon a tsakiyar sanƙo. Waƙa ta tsinke a tsakiyar baiti.

"Kai maciyin ɓera!" ta daka masa tsawa da muryarta ta kasuwa. "Wane zaman sarauta kake yi wa mutane a nan? Tsohuwar nan tamu ce, aronta muka ba ku. Shekara da shekaru kuna ɗura mata ɓera, ta gaji ta gudu wurin Ubangiji ta ci abincin kirki, laifin wa? Kai kuma ka zauna kamar turmi, ɗigon hawaye ka kasa ba ta. Wa ke da rowa yanzu? Har kukan ma sai an roƙe ka?"

Wata yarinya ta toshe baki. Wasu samari biyu suka miƙe za su janye ta, Fasto Wandera ya ɗaga musu hannu, idonsa a kan Yotamu. Gari yana zubowa daga kansa, ya cika masa gira, ya sauka a kafaɗun baƙar rigarsa. Wani sauti ya fito masa kamar tari, ya sake fitowa, ashe dariya ce. Ya yi ta har ya dafe ciki, sannan dariyar ta karye ta zama kuka, irin kukan yaron da ya ɓace a kasuwa aka gano shi. Hawaye suna tsaga hanya a cikin garin. Ya kamo bakin zanenta ya riƙe.

"Ke biri," ya ce da ƙyar, "sai yanzu? Tun safe nake duban ƙofa."

Nata hawayen ta mayar da su, don ba ranarta ba ce. Ta juya ga jama'a ta fara rabon aiki. Ku samari, itace. Ku 'yan mata, a yanko ganyen kabewa, a daka gyaɗa. Ta ga Fasto Wandera a tsaye, ta miƙa masa bokiti. "Baba Fasto, laifi na riga na yi shi, gobe ka yanke mini. Yau dai ruwa nake so." Ya karɓa ya nufi famfo. Ta tuƙa nshima irin na gida, mai tauri, wanda sai da ta taka tukunyar da ƙafa. Yotamu ya ci, yana ci yana cewa akwai gudaji. Kafin rana ta faɗi ya kira ƙanwarsa, ta tambaye shi wa ke tare da shi. Ya ce akwai wata Bemba a nan, ta yi masa wanka da gari. Aka ji matar ta fashe da kuka a waya tana cewa, "Mun gode Allah, ashe ba kai kaɗai ba ne."

Washegari Maman Lombe ta ɗaure akwatinta ta ajiye a bakin ɗaki, ta sa ankon matan Kasama, ta je addu'ar safe. Tsoro yana nan a cikinta, amma nadama babu. Bayan an ce amin, Fasto Wandera ya ce kowa ya zauna.

"An karya doka a gaban kowa," ya ce, "saboda haka a gaban kowa za a yi maganar. Dokar nan saboda irin su Chebet aka kafa ta. Chebet, me kika ce?"

Chebet ta miƙe. "Waɗanda suka kira sunan ƙabilarmu a garinmu, da fetur suka zo. Mama da gari ta zo, kuma ta tsaya ta tuƙa shi. Ni dai na ga bambanci. Amma har yanzu in na ji, gabana yana faɗuwa."

"To, ɗan'uwa Yotamu, kai aka zuba wa."

Yotamu ya tashi da tsawonsa, har yanzu akwai farin gari a bayan kunnensa. "Fasto, in kun sa ta a mota, ku sa ni a kujerar kusa da ita. Na ba hamsin baya, inda za ku tura mu kuma da nisa. In na faɗi a can, na san dukanku za ku yi mini waƙa mai daɗi. Amma wa zai zage ni?"

Fasto Wandera ya juya wurin Maman Lombe. Ya ce, "Mama Dorika, mayar da akwatinki ɗaki. A tebur doka tana nan daram, ba a taɓa ta ba. Gonar wake kuwa tana da faɗi."

Ƙungiya ɗaya aka sa su, ita da Yotamu da Chebet, aka tura su ƙauyukan masunta a bakin tafki, inda ta yi wa'azi tana taya mata shanyar kifi. A gaban mutane ɗan'uwa ne da 'yar'uwa. In suka tafi ɗiban ruwa su biyu, sai a jiyo dariyarsu daga nesa.

Da ta dawo Kasama matan zumunta suka tarye ta a tasha da ankonsu. Shugabarsu ta rungume ta, sannan ta riƙe ta a kafaɗu tana dubanta. "To, Maman Lombe, ina sunanmu?"

"Ga shi nan na dawo muku da shi," ta ce, tana miƙa wa wata akwatinta. "Sai dai ya ɗan sha gari."